Rigar da Haske Ya Cinye

Akwai wani hoto a falon Baffanku Alhaji Lawali a Gusau, sama da talabijin, cikin firam mai ruwan zinariya. Duk kun san shi. Tun kuna ƙanana ake ɗaga ku a nuna muku, a ce ga kakanku Malam Ɗahiru. Kun kuma lura, ko da ba ku faɗa ba, cewa in muka je gaisuwar Sallah nakan zaɓi kujerar da ta ba hoton baya. Bana ƙanwarku Rabi ta dawo daga gidan ranta a ɓace, ta ce ta ji matan gidan suna cewa ni na ɗauki hoton amma na ƙi buga masa hatimin shagona don baƙin hali, kuma wai ni na ƙarasa tsoho da bakina. Na daɗe ina jin wannan magana ina haɗiyewa. Tun da yanzu ta kai kunnen 'ya'yana, ba zan ƙara haɗiye ta ba. Ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin wanda yake riƙe da kyamarar.

Kakanku maɗinkin hannu ne a Tsafe, kuma ba irin waɗanda kuke gani yanzu da keke suna gama riga kafin shayi ya huce ba. Babbar riga ɗaya takan ci masa fiye da shekara. Abin da aka san shi da shi shi ne fari kan fari, wato farin zare a kan farin yadi, inda babu launin da zai rufa wa maɗinki asiri. Irin wannan aiki daga nesa ba ka ganin komai. Sai mai rigar ya juya, rana ta bugi ƙirjinsa ta gefe, sannan kowane zare ya yi 'yar inuwarsa, zanen adon ya tashi, aska takwas su miƙe, tambari ya fito, dagi ya bayyana a ƙarƙashin aljihu. Wurin zamansa ɗaya ne tun ina yaro, bakin ƙofar zaure a kan buzu, bayansa duhun zauren, gabansa hasken titi. Ya yi wa manyan mutane riguna har ba ya iya tuna adadinsu, shi kuwa bai taɓa mallakar irinsu ba, kuma bai taɓa zura ta wani a jikinsa ba ko da don gwaji. Ya so in gaje shi, ni kuma allura ta ƙi ni. Ranar da na ce masa hoto zan koya bai yi faɗa ba, ya dai dube ni ya ce to, ni ma aikin ido na zaɓa, in riƙe shi da gaskiya.

Shekarar da nake ba ku labari na riga na daɗe da shagona a Gusau, ina aiki da fim. A shekarar ne Yaya Lawali ya dawo daga aikin Hajji da kyamara irin ta zamani, wadda ba ta cin fim, sai wani ɗan kati da take ajiye hotuna a ciki, ga kuma ɗan gilashi a bayanta da kake ganin abin da ka ɗauka nan take. Ya kawo mini ita shago, ya ce in yi aiki da ita amma tasa ce. Ban ƙi ba, domin alheri ne, kuma har gobe ban manta ba. Sai dai Yaya Lawali irin mutanen nan ne da in sun ba ka aron tsani, kullum sai sun zo sun duba ko ka hau daidai. Hatsi yake saye da sayarwa, ya san buhun gero tun daga ɗinkin bakinsa, kyamara kuwa iyakar saninsa da ita madanni biyu ne, na ɗauka da na gogewa.

Dole in tsaya in yi muku bayanin wani abu, in ba haka ba ba za ku gane zafin da nake ji ba. Kyamara ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba. A cikinta akwai ma'aunin haske, kuma duk abin da ka nuna masa so yake ya mayar da shi tsaka-tsaki, ruwan toka. In ya ga duhu da yawa sai ya ce wa kyamara ta buɗe ido sosai, in ya ga haske da yawa ya ce ta runtse. Hanyoyin awon uku ne a wannan kyamarar. Ta farko tana duban filin hoton gaba ɗaya, ta haɗa komai ta yanke hukunci, kuma a kanta ake sayar da kyamara, yawancin mutane har ta lalace ba su san akwai wata ba. Ta biyu tana fifita tsakiya, da ita nake hoton fasfo. Ta uku ɗigo ɗaya tak take aunawa, inda ka ɗora shi, sauran duniya ba ruwanta. Abin da na koya da wahala a watannin farko shi ne, fim yana da haƙuri da haske, ko ya yi yawa za ka iya ceto wani abu wurin wanki, amma wannan ta zamani ba ta yafewa. Abin da ya faɗa cikin duhu yana nan a ɓoye, in ka kai kwamfuta ka ɗaga shi zai fito. Abin da haske ya ƙona kuwa ya tafi, ba zare ba layi, fari ne kawai kamar takardar da ba a rubuta komai a kanta ba. Kyamarar ma takan gargaɗe ka, wurin da ya ƙone sai ya riƙa ƙiftawa a gilashin baya.

A wannan lokacin cutar yana, farin nan da ke rufe ƙwayar ido, ta riga ta cinye idon Baba. Yana kan wata riga ta Alhaji Bawa, wani babban manomi a Bungudu da za a naɗa Sarkin Noma, kuma kowa a gidan ya san da ƙyar yake ganin allura. Rabin aikin ya yi shi da ido, sauran da 'yan yatsu. Dagin ƙarshe, na ƙarƙashin aljihu, da lalube ya gama shi. Duk wanda ya shigo zaure sai ya miƙa masa ya ce duba mini wannan, bai karkace ba? Kowa sai ya ce ya yi kyau Malam, tun kafin ya sunkuya. Shi kuma sai ya janye rigarsa, don ya san tausayinsa ake ji. Ana cikin haka ya aiko a kira ni, na je.

"Garba, ka taho da na'urag ga ranar Alhamis da sahe," in ji shi. "Wagga riga ita at ta ƙarshe, ba ni ƙara wata."

Na ce, "Haba Baba, in anka yi maka aikin ido ai ka koma."

"Bari wanga zance. Kuma ka ji, ba ni nika son ka ɗauka ba. Huskata kowa ya san ta garin ga. Aikin nika so shi hito."

Ranar Alhamis na iso Tsafe da hantsi, Yaya Lawali ya biyo ni wai zai ga yadda kyamararsa ke aiki. Ya matsa wa Baba ya sa rigar a jikinsa, Baba ya ce rigar mutane ce, ba ya sawa, ya sake nanata mini cewa aikin yake so ya fito. Sai ya zauna a kan buzunsa a bakin zaure, ya ɗaga ta da hannu biyu zuwa ƙirjinsa, sauran ta malala har ƙasa. Rana tana zuwa ta gefe, daidai yadda ake so, ta kwanta a kan rigar, inuwar indararo da bakin rufi kuma ta faɗo a fuskarsa. Na fara ɗauka a awon farko don in ga me za ta ce. Ma'aunin ya dubi duhun zauren nan da ke bayansa, ya ɗauka duniya ta yi duhu, ya buɗe ido iya buɗewa. Fuskar Baba ta fito tas, har ta fi yadda take haske, rigar kuwa tun daga wuya har ƙasa ƙiftawa take. Aikin shekara guda da watanni, babu ko zare ɗaya.

Na juya zuwa awon ɗigo. Na ɗora ɗigon a kan aska ta tsakiya, inda rana ta fi ƙarfi, sannan na ƙara haske kaɗan da hannuna don kada farin ya koma toka, na tsaya daidai gaɓar da ƙiftawar za ta fara. Ban kunna fitilar kyamara ba, domin hasken gaba yana kashe inuwar zare, kuma idon Baba ba ya jure walƙiya. Na danna. Wallahi 'ya'yana, na yi shekaru ina ɗaukar hoto, ban taɓa ganin abin da na gani a ɗan gilashin nan ba. Aska takwas ɗin nan a tsaye, kowace da bakinta, tambarin a zagaye, linzamin wuya zare bisa zare. Na matso da hoton na bi shi lungu-lungu har na kai kan dagin ƙarshe, na daɗe a kansa. Fuskar Baba ta yi duhu, gaskiya ne, sai farin gemu da ɗan ƙyallin goshi. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan, na san fuskar tana nan a ajiye cikin duhun, aikin ɗan lokaci ne a kwamfuta in ɗaga ta ba tare da na taɓa rigar ba. Na ɗauki irin wannan da dama, na nesa da na kusa.

Ban samu na yi wa Baba bayani ba. Naɗin washegari ne, Juma'a, kuma ya ƙagu rigar ta isa hannun mai ita, ya ce ba ya yarda da kowa ya kai ta sai ni. Aka naɗe ta cikin zane, na ɗauki jakar kyamara zan rataya, sai Yaya Lawali ya riƙe igiyar.

"Bar ta nan, su Inna na son su gani. Ni ka kawo maka ita Gusau."

Na ce, "Yaya, akwai aikin da ban gama ba ciki."

"Kai Garba, kayana na ko naka? Cinye ta za ni yi?"

Me zan ce? Wana ne, kyamararsa ce, ga Baba yana cewa in yi sauri kada in rasa mota. Na dai ce masa don Allah kada ya taɓa komai, ya ce ya ji. Na bi ta Gusau na wuce Bungudu, na damƙa wa Alhaji Bawa rigarsa, na dawo shagona na kwana biyu ina murna kamar wanda aka yi wa albishir.

Ranar Asabar ya shigo shagon da fara'arsa, ya ajiye jakar a kan tebur. Na kunna. Hoton farko, mai ƙonanniyar riga, yana nan. Na biyu irinsa. Na uku kuwa sai ga 'ya'yan Yaya Lawali sun jeru a tsakar gida suna dariya. Na ci gaba da dannawa. Ga Inna tana tankaɗe, ga tunkiyar gidan, ga babur ɗin maƙwabci, ga tunkiyar kuma ta wani gefen. Har katin ya ƙare ban ga rigar ba.

"Yaya, ina sauran hotunan Baba?"

"Waɗanda sunka lalace? Na goge su, na rage maka aiki. Ai ba su ganuwa. Da Inna tag gani sai da tay yi salati, tac ce wanga ba hoto ba na, zagi na, mutum da ranai a maishe shi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na bar maka masu kyawun."

"Su na masu kyawun! Waɗanda ka goge su na aikin!"

"Wane aiki? Mi ar ruwan mutane da zare? Ubanmu muka son gani."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa abin da ban taɓa ce wa babba ba, kuma ba zan maimaita muku shi a nan ba, amma ban janye shi ba har yau. Abin da ya fi ƙona mini rai ba gogewar ba ce, rashin sani ya fi dare duhu, kowa yana iya kuskure. Abin da ya ƙona ni shi ne yana tsaye a wurin lokacin da Baba yake nanata mini cewa aikin yake so ya fito. Da kunnensa ya ji. Amma a wurinsa, da wurin mutanen gidanmu duka, hoto mai kyau shi ne wanda fuska ta yi haske, ko da hasken ƙarya ne. Na sha fama da wannan a shago, amarya ta zo ta ce in ƙara mata haske har sai hancinta ya ɓace, in na ce ba ke ce wannan ba ta ce ai shi take so. Ban taɓa zaton wannan cutar za ta bi ni har zauren ubana ba.

Na kai katin wurin wani mai gyaran kwamfuta da aka ce yana dawo da abin da aka goge. Ya duba, ya ce da an bar katin haka nan da ya iya, amma an ɗora sababbin hotuna a kan gurbin tsofaffin har ya cika. Wato tunkiya ta kwanta a kan rigar kakanku. Daga nan ban koma shago ba, na shiga motar Bungudu, a raina ina cewa ai rigar tana nan, in roƙi aronta na yini ɗaya. Na tarar da Alhaji Bawa a ƙofar gidansa da sabon rawani, mutane na ta zuwa gaisuwa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya yi dariya, irin ta wanda ya yi abin kirki yana jiran yabo.

"Ɗan Malam, ai ka makara. Riga ta yi aikinta. Jiya makaɗin noma yak kama kirarin kakana, jikina yay yi sanyi, ban san sa'ad da nit tuɓe ta nim miƙa mashi ba. Garin ga duka zancen a ka yi."

Tsohon da ya ba da sauran idonsa a kan riga, an sa ta daga bayan sallar Juma'a zuwa la'asar, an miƙa wa mai ganga. Na san al'ada ce, na san shi a ganinsa girma ya yi wa rigar, amma ni a ranar da ƙyar na iya yi masa sallama. Aka ce makaɗin mutumin wajen Nahuce ne. Na bi shi can, matarsa ta ce ya fita yawon kiɗa. Da na same shi bayan makonni, ya ce rigar ta yi masa nauyi, ba ta mai kiɗa ba ce, ya sayar wa wani baƙo a kasuwa, mai zuwa arewa, bai tambayi sunansa ba. Iyakar inda sawun rigar ya tsaya ke nan.

Sai aka zo maganar wanke hoto. Yaya Lawali ya ce in wanke ɗaya cikin biyun da suka rage, babba, in buga hatimina, a sa a firam a kai wa Baba, kuma in ya tambaya a ce masa aikin ya fito. Inna ma ta kira ni ɗaki ta ce haka, ta ce tsoho ne, ba ya gani, me zai rage ni in na faranta masa? Na ce ba zan wanke ba, ba zan sa sunana ba. Ku dubi hoton nan da kyau in kun je. Tsoho ne zaune, an haskake masa fuska har ba ta yi kama da tasa ba, riƙe da farin ƙyalle fil tun daga wuya har ƙasa. Ni duk lokacin da na dube shi likkafani nake gani. Shi suka zaɓa suka ce ya fi mutunci. Na saka kyamarar a jakarta na mayar wa mai ita. Na koma kan fim a lokacin da duk Gusau ke guje wa fim, masu biki suka daina kirana, shagon ya yi sanyi shekaru kafin in iya sayen tawa. Manyanku kun tuna lokacin da muka bar gidan haya mai famfo muka koma na bayan kasuwa. To, dalilin ke nan, ba caca na yi ba kamar yadda wata gwaggonku take faɗa.

Yaya Lawali ya kai wani shago aka wanke masa. Ya sa rana za a kai Tsafe, ya aiko mini cewa in ina da sauran kunya in zo. Na je. Bayan la'asar ne, Baba yana kan buzunsa a bakin zaure, hannunsa ba komai, abin da ban saba gani ba. Inna ta tsaya daga cikin zauren, yara sun kewaye. Aka ɗora masa firam a cinya. Ya shafa gilashin da tafin hannu, ya shafa gefuna.

"Aikin ya hito?"

"Ya hito Baba, tas!" in ji Yaya Lawali. "Kai ma ka yi kyau, kamar saurayi."

Baba ya ɗaga kai daga kan firam ɗin. Ya juyo da fuska wajen da ya ji numfashina.

"Garba, kai ba ka ce komi ba."

Na ji idon Inna a kaina daga cikin duhun zauren. Yaya Lawali ya taka mini ƙafa. Na tuna ranar da ya ce in riƙe aikin ido da gaskiya, na ce a raina yau ko za a kore ni daga gidan nan ba zan zama na goma sha nawa da zai ce masa ya yi kyau Malam ba.

"Bai hito ba, Baba. Ko zare guda. Haske ya cinye shi. Waɗanda aikin yah hito ciki sun salwanta."

Ban ambaci sunan kowa ba, ku riƙe wannan. Inna ta ce innalillahi ta shige cikin gida. Baba ya ɗaga firam ɗin har ya kusa taɓa hancinsa, ya daɗe yana juya shi wajen haske, sannan ya yi 'yar dariya.

"Ashe na'urag ga taku ita ma yana gare ta. Ni ma hakanga nika ganin ta, hwari kawai."

Ya ajiye firam ɗin a gefe, ya lalubo hannuna ya jawo ni na durƙusa.

"Amma kai ka gani? Cikin waɗanda sunka salwanta?"

"Na gani, Baba. Na matso da shi har ina ƙirga zare."

"To hwaɗa mani."

Na fara tun daga linzamin wuya. Na faɗa masa yadda askar nan takwas suka tsaya, wadda ta fi tsawo da wadda ta bi ta, na faɗa masa tambarin da yadda zaren ya juya a cikinsa. Yana saurare, ɗan yatsansa yana zana abin da nake faɗa a kan buzu. A aska ta shida na ce akwai wurin da zaren ya ɗan yi kauri fiye da 'yan'uwansa, ya gyaɗa kai ya ce nan ne ranar da idon hagu ya rufe gaba ɗaya. Sai ya riƙe hannuna da ƙarfi.

"Dagin ƙarƙashin aljihu hwa? Wanda niy yi da lalube. Kak ka ji tausaina."

"Bai karkace ba, Baba. Na duba shi hiye da komi. Daidai yake da na rigunanka na da."

Ya saki numfashi mai tsawo, ya sake ni.

"Alhamdu lillahi. Da ka ce mani hoton ya hito, da ban yarda da wagga ba."

A ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari, mahaifiyarku tana nan da ranta, ku tambaye ta. Ya rayu har aka yi girbi, ya rasu da zazzaɓi kamar yadda tsofaffi ke rasuwa, Allah ya jiƙansa. Amma tun a zaman makoki aka fara cewa tun ranar da Garba ya gaya masa maganar nan bai ƙara lafiya ba. Masu faɗin haka ba su tsaya sun ji ƙarshen zancen ba, sun bi Inna cikin gida suna salati. Yaya Lawali kuwa yana tsaye, ya ji duka, kuma shekarun nan duka bai taɓa buɗe baki ya gyara musu ba. Wannan shi ne abin da ke tsakanina da shi, ba kyamara ba. Muna gaisawa, ina zuwa gidansa, ranar da ya kwanta asibiti ni na yi jinyarsa. Amma ba zan zauna ina fuskantar hoton nan ba, kuma ba zan sa masa hannu ba ko bayan raina, don haka kada wani cikinku ya ɗauki hatimin shago ya ce zai gyara zumunci da shi.

In Allah ya kai mu Sallah mai zuwa, ku je ku gaishe da Baffanku da ladabi, ku ci abin da aka ba ku. Kafin ku fito, ku tsaya gaban hoton, ku bar fuskar, ba tasa ba ce. Ku dubi farin nan da yake riƙe da shi, ƙasa da hannunsa na hagu kaɗan, wurin da babu komai. A nan dagin yake. Makaho ne ya ɗinka shi, kuma bai karkace ba. Ni na gani.